Tsantsanin Ci a Tsakanin Baligai da Rabon Haja Tsakanin Maza da Mata: Nazari a Kan Birnin Abuja

Tsakure

Maƙalar nan ta haɗa mas'aloli biyu waɗanda aka saba duba kowacce a keɓe, wato tsantsanin ci da akan samu ga baligai, da kuma rabon da kasuwa take yi wa hajarta, inda take ware wata ta ce ta maza ce, wata kuma ta mata. An zaɓi Abuja ta zama fagen nazarin domin birni ne da galibin manyan da ke aiki a cikinsa suka tashi a kan tukunyar wani gari dabam. An bi hanyar ƙwanƙwance kalmomi da karin magana, da bitar ra'ayoyin magabata, da siffanta tsarin ci da ciniki na birnin. Natijar da aka kai gare ta ita ce, tsantsani yana ga maza yana ga mata, amma na mai iko da tukunya yakan rikiɗe ya zama ƙa'idar gida har a daina ganinsa, na wanda ba shi da iko kuwa shi ake laƙaba wa suna. Kasuwa ta tarar da wannan rabo a shimfiɗe, ta ɗauka ta zuba a kwali, ta sa masa farashi.

1.0 Muƙaddima

In aka ambaci zaɓen abinci, hankali yakan tafi ga yara, domin su ne aka sani da ture akushi da tsame albasa daga cikin miya, kuma zaton da ake yi shi ne girma zai raba su da wannan hali kamar yadda yake raba su da rarrafe. Sai dai wanda ya lura da walimomin aure, da ɗakunan cin abinci na ma'aikatu, da liyafar da ake yi a tarurruka, zai ga cewa akwai dattijo mai furfura wanda bai taɓa kai kifi bakinsa ba, akwai ma'aikaciya mai muƙami wadda ba ta iya haɗiyar miya mai yauƙi, akwai kuma wanda zai gwammace ya wuni da yunwa da ya ci tuwon da bai san hannun da ya tuƙa shi ba. Tare da wannan kuma akwai wata magana da ta zauna a bakin jama'a har ta yi kama da ijma'i, wato cewa nama da shayi mai kauri na maza ne, tsami da zaƙi da kayan kwalama kuwa na mata.

Manufar maƙalar ita ce ta amsa tambayoyi uku. Daga ina tsantsanin baligi yake tasowa? Me ya sa ake ganinsa ga wani jinsi fiye da wani? Wace alaƙa ce kuma ke tsakaninsa da rabon haja a kasuwa?

1.1 Bayanin Kalmomi

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan babi, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin. Ƙyama ita ce ƙin abu da zuciya saboda ganinsa ƙazami ne. Ƙyanƙyami ya fi karkata ga tsabtar mai dafuwa da mazubi, ba ga irin abincin ba. Kwaɗayi shi ne yawan marmarin abu mai daɗi, kwalama kuma reshe ce daga cikinsa wadda ta shafi lashe-lashe da tanɗe-tanɗe. Kunya, wadda ake kira fulako in ta tsananta, takan hana mutum cin abin da yake so a gaban wanda yake jin nauyi. A cikin maƙalar nan an yi amfani da tsantsanin ci da ma'anar taƙaituwar abin da baligi yake iya ci, alhali abin da ya bari halal ne, mai tsabta ne, yana kuma da ikon samunsa. An kuma ƙirƙiri kalmar jinsantar da haja domin nufin duk wata dabara ta launi, ko suna, ko talla, ko wurin ajiyewa, wadda ake bi a jingina kaya ga maza ko ga mata.

2.0 Waiwaye a Kan Ra'ayoyin Magabata

2.1 Malaman Musulunci

Malaman hadisi da fiƙihu sun riga kowa tsayar da iyaka tsakanin ƙin ɗabi'a da hanin shari'a. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba; in ya yi sha'awarsa ya ci, in bai yi ba ya bari. Sun kuma ruwaito ƙissar gasasshen damon da aka kawo a ɗakin Maimuna, inda ya janye hannunsa, Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haramun ne, aka amsa masa da cewa ba haramun ba ne, illa dai ba a san shi a ƙasar mutanensa ba, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba, sai Halidu ya jawo ya ci a gabansa. Wannan ƙissa ta ƙunshi ƙa'idoji biyu waɗanda nazarin nan zai dogara a kansu, wato cewa sabo yana gina ɗanɗano, da kuma cewa ƙin mutum guda ba ya zama hukunci a kan waninsa.

Ta fuskar jinsi kuwa, shari'a ta raba maza da mata a wasu kayan ado, ta halatta wa mata zinariya da alhariri ta hana maza, amma ba ta yi irin wannan rabo a abinci ba. Bal ma aya ta 139 ta Suratul An'am ta zargi Larabawan jahiliyya a kan keɓe wa mazansu abin da ke cikin cikunnan wasu dabbobi da haramta shi ga matansu. Littattafan da almajiran ƙasar Hausa suka saba da su, kamar Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da Ihya'u ta Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, sun yi babi a kan ladubban ci da sha, kuma abin da suka fi ƙarfafawa shi ne bismilla, da cin abin da ke gaban mutum, da nisantar israfi.

2.2 Masana Halittar Jiki da Halayya

A 1931 wani masanin haɗa sinadarai a Amurka, Arthur Fox, ya gano cewa akwai wani gari wanda wasu suke jin ɗacinsa ƙwarai, wasu kuwa ba sa jin komai, kuma a 2003 aka tantance ƙwayar gadon da ke da babban hannu a wannan bambanci. Linda Bartoshuk, a lokacin tana Jami'ar Yale, ta nuna a farkon shekarun 1990 cewa akwai wani rukuni na mutane masu kaifin harshe fiye da saura, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu. Paul Rozin ya bayyana tun 1976 cewa duk halittar da take cin kowane irin abu tana cikin tsaka mai wuya, domin buƙata tana tura ta neman sabon abu, tsoron guba yana jan ta baya. Leann Birch ta tabbatar da cewa yaro yakan karɓi abincin da ya ƙi in an yi ta maimaita masa shi sau goma ko fiye, Patricia Pliner da Karen Hobden kuma suka tsara ma'aunin tsoron baƙon abinci mai tambayoyi 10 a 1992. A 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da matsanancin ƙaurace wa abinci a cikin bugu na 5 na kundinta, ta kuma yarda cewa yana samun manya, ba yara kaɗai ba.

2.3 Masana Zamantakewa da Kasuwa

Pierre Bourdieu na Faransa ya kafa hujja a 1979 cewa abin da mutum yake kira son ransa galibi tambarin gidan da ya fito ne da matsayin da yake nema. Carol Adams ta bi diddigin yadda aka ɗaura nama da mazantaka a al'adun Turawa a cikin littafinta na 1990. A ƙasar Hausa, tarihin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, da aikin Polly Hill a Ɓatagarawa, da na Enid Schildkrout a kan tallar yara a Kano, duk sun nuna cewa dafaffen abinci babbar sana'ar matan kulle ce, Barbara Cooper kuma ta bayyana matsayin kayan ɗaki a rayuwar matan Maraɗi. Ta fuskar farashi, hukumar kula da masu saye ta birnin New York ta kwatanta kayayyaki kusan 800 a 2015, ta tarar na mata sun fi takwarorinsu na maza tsada da kimanin kashi 7 cikin 100. Abin lura shi ne, masu nazarin harshe da ɗanɗano ba su cika shiga kasuwa ba, masu nazarin kasuwa kuma ba su cika leƙa madafi ba, kuma a wannan tsakani ne maƙalar nan ta tsaya.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar siffantawa da ƙwanƙwancewa, ba ta ƙidaya ba. Da fari an tattara kalmomi da karin maganar Hausa da suka shafi ci da ƙi, aka auna wanda ake jingina wa kowace kalma a maganar yau da kullum. Na biyu, an siffanta wuraren ci da ciniki na Abuja bisa tambayoyi huɗu: wa yake dafawa, wa yake sayarwa, wa yake biya, a ina ake ci. Na uku, an gwada abin da ya fito da ra'ayoyin da aka kawo a sama, da kuma alƙaluman da hukumomi suka riga suka wallafa. An taƙaita nazarin ga Hausawa mazauna birnin da waɗanda suke cuɗanya da su.

4.0 Nazari

4.1 Abuja, Mahaɗar Tukwane

An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya da doka ta 6 ta 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati kuma ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991, a ƙasar da Gbagyi da wasu ƙabilu suke zaune tun da daɗewa. Ƙidayar 2006 ta ba yankin mutum kimanin miliyan 1.4, kuma tun daga lokacin bai daina cika ba. Tsarin birnin yana da tasiri kai tsaye a kan ciki, domin ofisoshi suna tsakiya, gidajen ƙananan ma'aikata kuwa suna Kubwa, da Nyanya, da Karu, da Lugbe, har da Mararaba ta Jihar Nasarawa da Suleja ta Jihar Neja, ta yadda wanda ya fito bayan sallar asuba ba zai koma ba sai bayan magariba, kuma tilas abincin ranarsa ya fito daga hannun da ba na gida ba.

A garinsu, mai tsantsani yana iya rayuwa har ya tsufa ba a gane shi ba, domin tuwon dawa da miyar kuka da ya saba da su su ne kowa yake ci. A Abuja ne, a sansanin masu bautar ƙasa na Kubwa ko a rumfar mai abinci kusa da Sakatariyar Tarayya, yake fara arba da amala, da teba, da miyar agushi mai warin jatan lande, da dodon koɗi, yayin da abokin aikinsa daga kudu yake fara arba da daddawa, da karkashi, da fura da nono, da soyayyar fara. Maimaicin da Birch ta ce yana sa yaro ya saba ba ya samuwa ga baligi cikin sauƙi, saboda baligi yana da kuɗi a aljihu da ikon cewa a'a, kuma birnin ya tanadar wa kowa mafaka: mai son kilishi ya nufi Area 1, mai son gasasshen kifi ya nufi kasuwar Barikin Mogadishu, mai neman kuka da kuɓewa busasshiya ya same su a kasuwar Wuse ko ta Utako. Birnin yana tona tsantsani, kuma shi ne yake ba shi wurin ɓuya.

4.2 Asali Uku na Ƙin Abinci

Na farko shi ne ƙin da ya taso daga halitta, kuma Hausa ta ba kowane sashe nasa suna: ƙarnin kifi da ƙwai, yauƙin kuɓewa, baurin ɗanyen abu, gafin wake, ɗacin shuwaka. Wannan gaskiya ne, ba iyayi ba ne, kuma binciken Fox da Bartoshuk ya ba shi hujja. Amma halitta ba ta yanke hukuncin ƙarshe, domin bincike ya nuna marasa jin ɗacin garin nan na Fox sun fi yawa a Turai bisa ga Afirka ta Yamma, alhali mutanen Afirka ta Yamma ne suka mai da goro abin girmama baƙo, suke kuma cin ɗata da shuwaka da marmari.

Na biyu shi ne ƙin da ya taso daga shari'a, kamar barin naman alade da mushe da abin da aka haɗa da giya. Wannan ba ya cikin tsantsani ko kaɗan, ko da yake a birni mai gauraye kamar Abuja yakan haifi wani tsantseni na tuhumar yanka da tukunya, wanda yake sa mutum ya taƙaita ga mai abincin da ya sani.

Na uku, wanda ya fi sauran faɗi, shi ne ƙin da ya taso daga al'ada amma ya ari rigar ɗaya daga cikin biyun farko. Misalinsa a fili shi ne kaguwa da jatan lande, waɗanda mazhabar Malikiyya, da galibin Hausawa suke bi, ta halatta su tare da sauran dabbobin ruwa, amma Bahaushe da yawa zai janye hannu yana zaton addini ne ya hana shi, alhali nisan ƙasarsa da teku ne. Wannan shi ne ainihin mas'alar damo, sai dai an manta da rabinta na biyu, wato barin Halidu ya ci.

4.3 Tsantsanin Maigida da Kwalamar Uwargida

A nan ne jigon maƙalar yake. A tsarin gidan Bahaushe na gargajiya maigida ne mai cefane, mace ce mai girki, kuma a gidan da ke da mata fiye da ɗaya ranar girki tana tafe da ranar kwana, ta yadda gamsar da harshen miji ya zama ma'aunin ƙwarewar mace da matsayinta tsakanin abokan zamanta. Sakamakon haka shi ne, in maigida ba ya cin kifi, kifi ba ya shiga gidan; in ba ya son manja, yara su tashi ba su san shi ba; in kuma ba ya cin ɗumame, a hura sabuwar wuta da safe. Ba a cewa yana da tsantsani. Cewa ake yi, mu gidanmu ba ma cin kaza da kaza. Ƙin mutum guda ya zama ta'adar zuriya, ya ɓace daga ido domin ya cika ko'ina.

Ita kuwa mace, tun da babbar tukunya ba a kan son ranta aka ɗora ta ba, abin da take marmari yakan fito ne a gefe, da hantsi ko da la'asar, a ƙaramin kwano: kwaɗon zogale ko na rama, ɗanwake, awara, ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono, alewar madara. Da yake a gefe yake, sai a gan shi, da aka gan shi kuma sai aka ba shi suna, aka ce kwalama ce ko kwaɗayin mata. Alhali kuwa namiji ma yana da nasa cin na gefe, har ya fi tsada, domin tsire, da balangu, da kilishi, da shayi da ƙwai da Indomie a teburin mai shayi, duk kayan maƙulashe ne. Bambancin shi ne wurinsu bakin titi ne da majalisa, inda al'ada ta hana mace mai kamun kai ta zauna ta ci. Daga nan aka ɗauki hukuncin wuri aka mayar da shi hukuncin harshe, aka ce mata ba su damu da nama ba, maganar da kowane ƙullin tsire da aka kai cikin gida da dare yake ƙaryatawa.

Harshen kansa ya taya wannan rabo, domin goron da ya fi ɗaci da tauri shi aka kira namijin goro. Rabon sana'a ma ya bi sawu: fawa da gashin nama da shayi na maza, fura da nono da ƙosai da waina na mata. Amma kalmar kuku, wadda ta shigo tun zamanin Turawa, da kuma yawan maza a madafan manyan otal-otal na Maitama da Wuse II, sun isa shaida cewa girki yakan sauya jinsi da zarar albashi ya shiga cikinsa.

Abuja ta fara sassauta wannan tsari ta fuskoki biyu. Mace ma'aikaciya tana da albashinta, tana shiga kanti da kanta, tana kuma iya sa a kawo mata tsire har ofis ta hanyar waya ba tare da ta tsaya a gaban tukuba ba. Namiji kuma, musamman wanda ya bar iyali a Kano ko Katsina ko Sakkwato yana zuwa musu ƙarshen mako, ya rasa tukunyar da ke ɓoye tsantsaninsa, sai ga shi yana cin abu guda kullum a wurin mai shayi guda. Karin maganar nan da ke cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare ta dace da shi.

4.4 Jinsantar da Haja

Rabon kaya tsakanin maza da mata ya girmi kantin zamani, domin lefe da kayan ɗaki da gara duk tsari ne na tantance abin da ya dace da wa. Atamfa da leshi na mace, shadda da hula na namiji. Humra da turaren wuta na ɗakin amarya, almiski na rigar Juma'a. Amma tarihi ya nuna iyakar tana matsawa, domin kwalli, wanda dattawa maza suke sawa bisa koyi da sunna, yanzu samarin birni suna ganinsa kayan mata ne, furen taba da mata suke rina haƙora da shi tare da goro kuma ya kusa ɓacewa ɗungum.

Abin da kasuwar zamani ta ƙara shi ne raba abu guda gida biyu. Wanda ya shiga manyan kantuna irin na Jabi zai tarar da reza, da sabulu, da man shafawa, da turaren hammata an jera su layi biyu, na maza cikin baƙi da shuɗi, na mata cikin ruwan hoda da fari, alhali sau da yawa aikinsu ɗaya ne. Mashahurin misali a duniya shi ne na kamfanin Coca-Cola, wanda ya fito da Diet Coke a 1982, da ya ga maza da yawa suna ɗaukarsa abin shan mata masu rage ƙiba, sai ya fito da Coke Zero a 2005 ya tallata shi ga maza. A Nijeriya tallar dunƙulen ɗanɗano da man girki ta daɗe tana fuskantar mace, tana yi mata alkawarin yabon miji da 'ya'ya, wato tana sayar mata da maganin tsantsanin wani. Tallar lemon ƙara kuzari da jiƙe-jiƙen kwalba masu ɗaci kuwa tana fuskantar namiji da alkawarin ƙarfi. Ƙololuwar wannan rabo ita ce cinikin kayan mata da maganin maza, wanda ya bunƙasa a Abuja ta shafukan Instagram da WhatsApp, inda ake ɗaukar zuma da dabino da aya da kayan yaji, waɗanda kowa yake ci, a sa musu jinsi a ninka musu kuɗi. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan haɗe-haɗe marasa rajista.

Wajibi ne a bambanta wannan da hajar da buƙatar jiki ta keɓe wa mata haƙiƙatan, kamar audugar al'ada, wadda dokar kuɗi ta 2019 ta cire wa wadda ake yi a cikin gida harajin kaya, a daidai lokacin da ta ɗaga harajin daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100. Keɓancewa irin wannan tana da dalili a zahiri, saɓanin wadda launin kwali kaɗai ya ƙirƙira.

4.5 Tsada da Lafiya

Tsantsani yana buƙatar wadata, shi ya sa aka ce da babu gara ba daɗi. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma a irin wannan hali abin da ake fara yankewa daga cefane shi ne na gefe, ba babbar tukunya ba, wato ganye da 'ya'yan itace da ɗan abin da mace take saya wa kanta. Wannan yana da hatsari, domin binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce kima. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da cin giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kullum, da gishirin da bai kai giram 5 ba. In aka auna da wannan ma'auni, kwaɗon zogale da ake yi wa kallon kwalama ya fi kusa da shawarar likita bisa ga farantin mai shayi da ake yi wa kallon abincin ƙarfi.

5.0 Hatima

Nazarin ya nuna cewa ƙin abinci ga baligi yana da asali uku, halitta da shari'a da al'ada, kuma yawancin ruɗanin da ake samu ya taso ne daga sanya wa na ukun rigar na farko ko na biyu. Ya nuna kuma cewa bambancin da ake gani tsakanin maza da mata ya fi komawa ga wanda ake ɗora tukunya dominsa da wurin da aka yarda kowa ya zauna ya ci, kuma kasuwa ba ta ƙago wannan rabo ba, illa dai ta same shi ta mai da shi riba.

Bisa ga haka ana ba da shawarwari uku. Masu bincike da za su yi amfani da ma'aunin Pliner da Hobden a tsakanin Hausawa su ƙara masa tambaya a kan wanda yake yanke abin da za a dafa a gida, domin in ba haka ba maigida mai tsantsani zai fito a takarda a matsayin mai cin komai. Ma'aikatan lafiya da suke yi wa mata nasiha a asibitin awo su san cewa wadda suke yi wa bayani sau da yawa ba ita ce mai cefane ba, don haka nasihar ta isa masallaci da majalisa. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya kuma ta sa ido a kan farashin kayan da aikinsu ɗaya ne amma aka raba su da launi. Amma ladabin da ya kamata ya ja ragamar dukkan wannan, a gida ko a kasuwa, shi ne wanda aka koyar a ɗakin Maimuna: wanda ransa bai karɓi abu ba ya janye hannunsa ba tare da ya aibata shi ba, ya kuma bar akushin a gaban wanda yake so.